Na je Chapel Hill neman mai kujera ta biyu

Gaskiya ba ƙwallo ce ta kai ni Amurka ba. Ɗan ƙanwata ne yake karatun digiri na uku a Raleigh, jihar Karolina ta Arewa, matarsa ta haihu, uwarsa kuma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, shi ne aka ɗora min kaya, har da yajin jego da kuka da daddawa da aka naɗe a leda bakwai kamar wani abun sirri, akace in je in ga jariri in yi masa addu'a a madadin dangi. Watan Oktoba ne na 2023. Daga Kano zuwa Legas, daga Legas zuwa Atlanta wajen awa goma sha biyu a sama, sannan wani ɗan ƙaramin tashi zuwa filin jirgin Raleigh-Durham, lokacin da na sauka ƙafafuna sun kumbura takalmi ya ƙi shiga sai da na take bayansa.

Kwana uku ina bacci da rana ina farkawa da dare, a na huɗu nace wa yaron ya kai ni Chapel Hill. Ya kalle ni yace Kawu me za ka yi a can, ai garin abokan gaba ne. Shi ɗan jami'ar NC State ne ta nan Raleigh, jajayen kaya, kuma tsakaninsu da jami'ar Karolina mai shuɗi akwai irin abun da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, sai dai nasu babu wasa a ciki sosai. Nace ni dai kai ni, akwai wanda nake son in ga inda ya yi aiki. Yace Michael Jordan ko, kowa ya zo haka yake cewa. Nace a'a, Bill Guthridge. Yace wa?

To wannan "wa" ɗin shi ne dalilin tafiyar.

Ni na yi ƙwallon kwando a Zariya lokacin ina ɗalibi a Samaru, ba wai na iya ba fa, ɗan benci ne ni na gaske, irin wanda sai an ba da ratar maki ashirin ake tunawa da shi. Amma duk wanda ya zauna Zariya ya san yanda wasan ya kama ƙasa a can, koci Oliver Johnson Ba'amurken nan da kowa ke kira OBJ ya tarbiyyantar da yara ba iyaka, Masai Ujiri ma da ya zo ya shugabanci Toronto Raptors suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019 a garin ya tashi. A wancan zamanin kaset-kaset na bidiyo muke samu na wasannin jami'o'in Amurka, an kwafa an sake kwafa har launin ya koɗe, kuma da yake ni benci na sani, idona kullum benci yake zuwa. Duk sanda kamara ta haska Dean Smith, babban kocin Karolina, sai ka ga wani mutum mai tabarau a gefensa, mataimakinsa Guthridge kenan, fuska ba yabo ba fallasa, kaset ɗin 1982 yana nan, na 1993 yana nan, kujerar ɗaya ce gashi ne kawai yake canja launi. Daga baya na shiga aikin koyarwa, yau shekara goma sha huɗu ina mataimakin shugaban makarantar sakandare, an canja min firinsifal huɗu, kuma ba bikin da zan je wani bai tambaye ni ba, Malam har yanzu dai VP, yaushe za a ba ka taka? Kun ga inda abun ya haɗu.

Daga Raleigh a babban titin I-40 kamar minti arba'in ne. Itatuwa hagu da dama ganye ya fara yin ja da ruwan ɗorawa, ni da na saba ganin ganye ya bushe ya faɗi kawai sai naji kamar an yi wa daji fenti. Chapel Hill ƙaramin gari ne wanda jami'a ce ta haife shi, an kafa ta a takarda a 1789 ta fara ɗaukar ɗalibai a 1795, wato kafin jihadin Shehu da shekara tara, wannan lissafin na tsaya na yi shi a gaban wata 'yar rijiya mai rumfa da ginshiƙai farare da suke kira Old Well, wadda ɗalibai ke layi su sha ruwanta ranar farko ta karatu wai don su ci jarabawa. Na sha nima, ruwan famfo ne kawai. Motocin bas na garin kyauta ne, ba kwandasta ba canji, na shiga ina lalube aljihu direba ta yi min alama da hannu in wuce. Titin Franklin kuma shi ne zuciyar garin, nan suke cika dare in sun ci jami'ar Duke, babbar abokiyar hamayyarsu, ko sun ɗauki kofi, kuma Duke ɗin ma tana nan Durham ƙasa da rabin awa a mota. Abinci ne dai sai da hattara, gasasshen naman da jihar take alfahari da shi alade ne, yaron ya ja min kunne tun a mota, don haka kifi da dankali na ci.

Gidan tarihin ƙwallon kwandon yana gefen babban ɗakin wasansu, Dean E. Smith Center, shiga kyauta. Kana shiga ka ga kofuna da riguna da takalma a cikin gilashi, ƙasan kuma an yi shi kamar filin wasa an sa alama a wuraren da aka jefa ƙwallayen da suka shiga tarihi. Kowa wajen Jordan yake tafiya, har da wasiƙar da kocin Duke Mike Krzyzewski ya rubuta masa a 1980 yana nuna rashin jin daɗi da bai zaɓi Duke ba, mutane sun yi cincirindo suna ɗaukar ta a waya suna dariya. Ni kuwa hotunan tim nake bi ɗaya bayan ɗaya, shekara bayan shekara, ina neman mai tabarau, kuma yana nan, yara suna canjawa, gajeren wando yana ƙara tsawo, shi yana nan.

Wani dattijo Bature da rigar sanyi shuɗiya ya ga na daɗe a wuri ɗaya ya matso, da na ambaci sunan Guthridge sai fuskarsa ta washe kamar na ambaci ɗan uwansa, yace su Coach Gut suke ce masa. Muka zauna a benci muka yi kusan awa, ɗan ƙanwata yana gefe yana danna waya, abun da na sani na faɗa, abun da ya sani ya ƙara min.

An haifi Guthridge a 1937 a garin Parsons na jihar Kansas, shi ma Dean Smith mutumin Kansas ne. Lissafi ya karanta a jami'ar Kansas State, ya yi wasa a ƙarƙashin koci Tex Winter, yana cikin tim ɗin da ya kai Final Four a 1958, wato zagayen da ƙungiyoyi huɗu kacal suka rage a gasar jami'o'in ƙasar baki ɗaya, wanda a wajensu kaiwa nan kaɗai ma ana rataya masa tuta. Ya ɗan koyar a sakandare, ya dawo ya yi wa Winter mataimaki shekara biyar, suka sake kaiwa Final Four a 1964. Abun da ya ba ni dariya shi ne shi kansa Tex Winter ɗin ƙarshen rayuwarsa mataimaki ya koma, shi ne ya zauna gefen Phil Jackson a Chicago Bulls da tsarin wasansa mai kusurwa uku har Jordan ya ɗau kofi shida, kamar dai gidan nasu gadon zama na biyu suke yi. A 1967 Smith ya ɗauko Guthridge zuwa Chapel Hill, shekarar da Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba gurbin karatu na wasanni, ya fara buga wa babban tim. Daga nan bai motsa ba har 1997. Shekara talatin cif.

A cikin talatin ɗin nan sun je Final Four sau goma, sun ɗauki kofin ƙasa sau biyu. Na 1982 a New Orleans, a kusa da na ƙarshe suka fitar da Houston, wadda a bencinta akwai wani dogon yaro ɗan Legas sabon zuwa, Akeem Olajuwon, lokacin ko H ɗin bai ƙara a sunansa ba. A fainal suka haɗu da Georgetown ta Patrick Ewing, James Worthy na Karolina ya zuba maki 28, saura ƙasa da sakan ashirin Jordan ɗan aji ɗaya ya jefa daga hagu ta shiga, aka tashi 63 da 62. Kuma kocin Georgetown ɗin, John Thompson, shi da Guthridge ne suka yi wa Smith mataimaka a gasar Olamfik ta Montreal a 1976 da Amurka ta ci zinare, kun ga duniya ƙarama. Na 1993 ma a New Orleans ɗin ne dai, suka ci Michigan 77 da 71, wasan da Chris Webber ya nemi hutun da tim ɗinsa ba su da shi aka hukunta su. Ina ambatar Olajuwon sai ɗan ƙanwata ya ɗago daga waya yace Kawu ka gaya masa mu ne muka ci Olajuwon a fainal ɗin 1983, dattijon yace eh an ji, shekara arba'in kenan kuna ba da labarin nan.

To amma me mataimaki yake yi, tunda kofi sunan Smith ne a kai? Nan ne hirar ta yi min daɗi don duk abun da ya lissafa na san shi a jikina. Shi ne mai horar da dogayen 'yan wasa na ƙarƙashin kwando, shi ne mai gyara wa yaro hannu in jifarsa ta karkace, shi ne mai bin ko an shiga aji, shi ne mai hukunci. Smith uba ne mai lallashi, Gut ne mai sanda, in ka makara shi za ka gani, in za a sa ka gudu shi zai sa ka. Har yaran suna da abun da suke kira lokacin Guthridge, agogo gaba da minti goma, in ance bas za ta tashi ƙarfe kaza to wanda ya zo daidai ƙarfe kazan ya makara. Nace wa dattijon a makarantarmu ni ne nake tsayawa a get ƙarfe bakwai da rabi, firinsifal shi ne mai raba kyauta ranar taro, tsofaffin ɗalibai in sun haɗu da shi su rungume shi, in sun hango ni su gyara tsayuwa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na yi ƙoƙarin fassara masa karin maganar, ban jin ta isa gare shi da rai, amma ya yi dariya don ladabi.

Sai kuma yawon neman yara. A farkon 1980 Guthridge ne ya tuƙa zuwa Wilmington can bakin teku ya kalli wani yaro a makarantar Laney da ba a san shi ba a wajen garinsu, ya dawo yace wa Smith yaron nan kamar saniya ce da ba a taɓa tatsa ba. Jordan kenan. Wallahi da naji wannan siffantawar nace mutumin nan da a Rugar Fulani ya tashi ma iyakar abun da zai ce kenan.

Abun da ya fi tsaya min a rai shi ne ba rasa wajen zuwa ya yi ba. Jami'o'i sun neme shi ya zo ya zama babban koci, a 1978 ma saura ƙiris ya tafi Penn State, magana ta yi nisa, sai ya fasa ya dawo kujerarsa. Su kuwa waɗanda suka zauna benci ɗaya da shi sun tafi sun yi suna, Roy Williams ya bar gefen Smith a 1988 ya kama Kansas, har ya zo ya fitar da tsohon ogansa a Final Four na 1991, ranar da alƙalin wasa ya kori Smith daga fili ana dab da tashi, Guthridge ya ƙarasa sakannin da suka rage. A wajenmu waziri ba a tambayarsa yaushe zai zama sarki don kowa ya san ba gidansa ba ne, Waziri Junaidu ya yi wazircin Sakkwato daga 1948 har rasuwarsa a 1997 ba wanda ya ga kamar ya gaza, sarauta ce mai zaman kanta. Amma mataimaki na aikin zamani ana kallonsa ne kamar wanda yake tasha yana jiran mota, in ya daɗe sai ace ko dai ba shi da kuɗin mota ko ba shi da uwa a gindin murhu. Ni ban ce duk wanda ya daɗe a na biyu zaɓa ya yi ba, ni kaina sau biyu na cike fom na shiga intabiyu ban samu ba, kada in yi muku ƙarya in ce waliyyi ne ni. Shi dai wannan mota ta tsaya a gabansa an buɗe masa ƙofa yace a wuce.

Ranar 9 ga Oktoba 1997 Smith ya ajiye aiki da nasara 879, saura 'yan kwanaki a fara atisaye, kuma mutane da yawa sun ɗauka da gangan ya zaɓi lokacin, don kada jami'a ta samu sararin neman wani daga waje. Guthridge yana da shekara 60 ya hau kujerar farko. Ya gaji tim mai ƙarfi, Antawn Jamison da Vince Carter da Ed Cota da Shammond Williams da Makhtar Ndiaye ɗan Sanagal da Ademola Okulaja, wanda haifaffen Legas ne ya tashi a Jamus, ya rasu a 2022. Mutum shida duk sun cancanci farawa, gurbi biyar, sai malamin lissafi ya jera sunayensu bisa haruffa, kowane wasa mutum ɗaya ya fara daga benci bi da bi, yau Carter gobe Cota jibi Jamison. Jamison fa shi ne gwarzon ɗan wasan jami'o'in ƙasar a shekarar, amma in layi ya zo kansa sai ya zauna. Wannan tunanin mai tsara jadawalin darasi ne tsantsa, na gane shi nan take, kuma ban tabbata daidai ne ba, adalci ne amma wani lokacin babban wasa ba ya son adalci. Sun ci wasa 34 sun faɗi 4, sun ɗau kofin gasar yankinsu ta ACC, aka ba shi kocin shekara, sai Utah ta tare su a Final Four.

Shekara ta biyu Carter da Jamison sun tafi NBA, Weber State, makarantar da rabin magoya baya ba su san inda take ba, ta fitar da su a zagayen farko 76 da 74, wani Harold Arceneaux ya zuba musu 36. Nan gunaguni ya tashi, dattijon yace shi ma ya yi, bai ɓoye ba. Ta uku ta fi muni da farko, sun shiga gasar ƙasa da ci 18 faɗuwa 13 ana cewa ma bai kamata a gayyace su ba, sai ga shi sun kayar da Stanford da ke kan gaba a rukuninsu sun sake kaiwa Final Four, Florida ta tsayar da su. Ƙarshen Yuni 2000 yace ya gaji, ya ajiye. Ci 80 faɗuwa 28, Final Four biyu a shekara uku, in ka haɗa da na wasa da na mataimaki sau 14 kenan ya je. Wasu har yau suna ɗora masa laifin rugujewar da ta biyo baya, don a kakar 2001 zuwa 2002 ƙarƙashin Matt Doherty wasa 8 kawai suka ci suka faɗi 20, wai bai ɗebo yara masu kyau isassu ba saboda iyaye suna ganin tsoho ne ba zai daɗe ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wanda yace mutumin bai iya jan ragama ba, ya je ya nemo koci nawa ne suka kai Final Four sau biyu a duk rayuwarsu.

Muka fito muka leƙa cikin Smith Center ɗin, ba wasa ranar don kakar wasa sai Nuwamba take farawa, kujeru shuɗaye sama da dubu ashirin da ɗaya ba kowa, an buɗe shi a Janairun 1986. Sama a rufi riguna ne a rataye, 23 ta Jordan, 52 ta Worthy, 12 ta Phil Ford, 33 ta Jamison. Ginin sunan Smith, dandamalin wasan sunan Roy Williams, wanda ya dawo ya ci musu kofi a 2005 da 2009 da 2017, kocin da na tarar kuma Hubert Davis, shi ma ya yi wasa a hannun Smith da Guthridge, ya yi wa Williams mataimaki shekara tara. Dattijon ya nuna min bencin gida da yatsa, sannan yace ka san al'adarmu ta yatsa ko, Smith ne ya kafa dokar duk wanda ya ci ƙwallo ya juya ya nuna wanda ya ba shi fas, don 'yan kallo su san daga ina ta fito. Na sani, mun kwaikwaya a Samaru ba tare da mun san daga ina aka samo ba.

Yace bayan sun yi ritaya su biyun sun ci gaba da zuwa ofis a cikin ginin nan, kuma dukansu ciwon mantuwa ya kama su a ƙarshe. Smith ya rasu 7 ga Fabrairu 2015, ya bar wasiyya a aika wa kowane tsohon ɗan wasansa dala 200 ya je ya ci abincin dare. Guthridge ya bi shi 12 ga Mayu, wata uku tsakani. Da ya faɗi wannan sai ya yi shiru, nima na yi shiru, sai ɗan ƙanwata yace Kawu la'asar fa tana wucewa kuma mitar fakin ta kusa cinye kuɗinta.

Na yi sallah a kan ciyawa bayan wajen ajiye motoci, yaron ya duba min alƙibla a waya, wasu ɗalibai biyu suka wuce da kekuna ko kallo ban ishe su ba. Na sayi hula shuɗiya a titin Franklin, yace in na shiga gidansa da ita matarsa ba za ta ba ni tuwo ba, na tura ta cikin jaka. Muna kan I-40 wajen ƙarfe biyar, wato goma na dare a gida, sai ga saƙon firinsifal a WhatsApp, sallama da ya jariri da ya hanya, sannan Malam don Allah ina ka ajiye jadawalin gwajin tsakiyar zango na 'yan SS2, mun duba ofis ɗinka ba mu gani ba. Na rubuta masa ranka ya daɗe yana durowa ta biyu hannun hagu ƙarƙashin rajistar malamai, makullin yana wajen masinja, kuma a gaya wa malamin Kimiyya an mayar da pepansa Laraba.